Saƙon da Dawuda Ya Riƙe

Dawuda Maiwada mutumin wani ƙauye ne kusa da Kafur. Direba ne, kuma Kirista tun daga gida. Ya shiga Riyad ta ƙasar Saudiyya a shekarar 2010 yana ɗan shekara talatin da ɗaya. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, bai kuma taɓa makara wurin aiki ba. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: idan mutum ya yi masa laifi, to ya yi ke nan har abada. Zai iya faɗa maka ranar da aka ɓata masa rai, da wurin, da irin rigar da mai laifin ya sa. Abin mamaki kuwa, cikin 'yan'uwansa Kiristoci da ke birnin babu wanda ya kai shi sanin daɗin gafara.

Ga yadda abin ya faru. Shekararsa ɗaya da zuwa, maigidansa ya aike shi kasuwar kayan marmari ta Utaiƙa. Yana fitowa da mota yana magana a waya, bai ankara ba ya take wani ɗan dako da ke tura baron albasa. Ya ji ƙarar ƙashi da kunnensa. Ya leƙa madubi, ya ga mutum kwance a ƙasa, albasa ta watse ko'ina. Tsoro ya kama shi, ya taka mota ya gudu.

Kwana uku bai iya cin abinci ba. A rana ta huɗu ya je ya faɗa wa Mama Kyauta.

Mama Kyauta dattijuwa ce 'yar Wusasa, mai dafa abinci a gidan wani attajiri a unguwar Ulaya. Tana da ɗaki a bayan kicin mai ƙofa ta lungu. Babu majami'a a birnin, saboda haka duk ranar Juma'a, idan mutanen gidan suka tafi gonarsu ta bayan gari, masu bi bakwai ko takwas sukan taru a ɗakinta. Sukan yi addu'a, su yi waƙa ƙasa-ƙasa, su ci tuwo su watse. Ita ce uwarsu duka.

Ta saurare shi har ya gama. Ta ɗauko abayarta ta saka, ta ce ya kai ta asibitin da aka kwantar da mutumin. Suka same shi an ɗaure ƙafarsa da ƙarafa. Sunansa Buraima, Musulmi ne mutumin Maraɗi, ya haura shekara hamsin. Dawuda ya durƙusa a gefen gado ya faɗi gaskiya. Buraima ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya yafe masa saboda Allah. Da jami'i ya zo, ya danna yatsa a takardar tanazul, wato ya janye haƙƙinsa. Kwana goma sha biyu kawai Dawuda ya yi a tsare aka sake shi. Buraima kuwa bai ƙara tafiya ba sanda ba.

Ranar da Dawuda ya fito, Mama Kyauta ta tambaye shi ko me ya yi wa bawan Allahn nan da ya cancanci yafiya. Ya ce bai yi komai ba.

"To haka Ubangiji Yesu ya yi mana duka a kan gicciye," in ji ta. "Wannan shi ake kira alheri. Ba da ƙoƙarinka ka samu ba. Wata rana wani zai zo nema a hannunka, ɗana, ka tuna yadda ya zo maka."

Dawuda ya yi kuka a ranar, kuma da gaske ya yi. Daga nan ya riƙe ibada sosai, ya kuma riƙe zumunci da Buraima, wanda ya koma zaman sayar da ganye a bakin kasuwar. Duk baƙon da ya shigo taron Juma'a sai ya ji shaidar Dawuda. Sai dai a hankali labarin ya riƙa sauya kamanni a bakinsa. Da farko labarin mutumin da ya yafe ne. Daga baya ya zama labarin jarumin da ya yi ƙarfin halin komawa ya faɗi gaskiya.

A wannan tsakanin ne ya kawo Talle cikin taron. Talle magini ne daga wani ƙauye maƙwabcin nasu, sun haɗu a wurin gyaran mota. Mutum ne mai sanyin hali da yawan tsoro. Ya gudu daga hannun kafil ɗinsa, wato wanda ya kawo shi ƙasar, saboda duka da wulaƙanci, iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zama, ta mutu. Ya bar matarsa Biba a gida da 'ya'ya uku. Mama Kyauta ta karɓe shi hannu biyu. Kullum takan ɗaure masa ragowar tuwo a leda.

A shekarar 2013 hukuma ta ba baƙi 'yan watanni su gyara takardunsu, wanda bai gyara ba a mayar da shi ƙasarsa. Hankalin Talle ya tashi. Ana saura kwana kaɗan wa'adin ya cika, maigidan Mama Kyauta ya dawo daga gona da wuri, ya ci karo da shi yana fita ta ƙofar lungu. Ya tsare shi da tambaya. Attajirin yana da kamfanin gine-gine, ya ce masa idan ya faɗi gaskiyar abin da ake yi a ɗakin nan, zai mayar da shi ƙarƙashin kamfaninsa ya gyara masa takardu. Talle ya faɗi komai, tun daga waƙa har zuwa yawan masu zuwa.

Cikin kwana huɗu aka yi wa Mama Kyauta takardar fita ta ƙarshe. Shekara goma sha bakwai ta yi a gidan, ta goyi 'ya'yansu biyar a bayanta, amma ba a bari ta yi sallama da ko ɗaya ba. Dawuda ne ya kai ta filin jirgi da akwati ɗaya. Tun daga Ulaya har suka isa yana dukan sitiyari yana tsine wa Talle. Ta yi ta ce masa ya bari, tsoro ne ya sa Talle, amma bai ji ba. Da ta shige ciki, ya zauna a mota ya rantse wa kansa cewa idonsa da na Talle ba za su sake haɗuwa ba. Talle ya kira shi a waya ya fi sau ashirin a makon nan. Ya toshe lambar.

Shekara uku suka wuce. Dawuda ya sami aikin tuƙi a wani ofishin jakadanci, aka ba shi ɗaki a cikin Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Taron Juma'a ya koma ɗakinsa. Unguwar tana da shinge da masu gadi, ba a shiga sai da wanda ya tsaya maka. Saboda haka duk Juma'a da hantsi 'yan'uwa sukan jira shi a wani gidan mai da ke kusa da ƙofa, ya zo da ƙaramar bas ya kwashe su. Shi ne mai ɗaki, shi ne mai mota, shi ne kuma ya zama mai wa'azi. Wanda ya ga dama ya ɗauka, wanda bai yarda da shi ba ya bar shi a rana. Ya taɓa korar wani saboda ya makara sau biyu. Sunan Talle kuwa an daina ambatonsa a gabansa.

Wata Talata da safe ya je Utaiƙa sayayyar gidan maigidansa, ya biya ya gai da Buraima kamar yadda ya saba. Bayan sun gaisa, Buraima ya matsa masa a benci ya ce ya zauna, akwai magana. Ya ce makonni biyu da suka wuce ya tsinci Talle zaune a bayan kasuwa yana tari da jini, ya gane shi domin a da ya sha ganinsa tare da Dawuda. Ƙurar yankan dutse ce ta cinye masa huhu. Asibiti sun ce babu abin da ya rage su yi, kamfani kuma ya fitar da shi daga masaukin ma'aikata, ana jiran takardar da za a mayar da shi gida. Shi ne ya ɗauke shi ya kai ɗakinsa.

"Ina ba shi kunu, ina juya shi, ina wanke shi," in ji Buraima. "Amma akwai abin da yake so wanda ba ni da shi. Yana son a yi mishi addu'a irin taku. Ya ce in roƙe ka. Ya ce in ba ka iya zuwa, ka gaya wa mutanenku ko mutum guda ya zo."

Ran Dawuda ya ɓaci. Ya miƙe tsaye, ya ce yanzu Talle ya san akwai 'yan'uwa? Ina ya bar su shekara uku? Ya ce ya je wurin attajirin da ya sayar masa da tsohuwa ya yi masa addu'ar. Ya ce mutumin da ya ci tuwon mace ya kuma tona mata asiri ba ɗan'uwa ba ne, maciji ne, kuma wa ya sani ko wannan ma wani tarkon ne. Muryarsa ta yi sama har masu sayen ganye suka juyo.

Buraima bai yi gardama ba. Ya nuna wani lungu da sandarsa, ya ce ɗakin yana can, tafiyar minti biyar ce ko ga gurgu irinsa. Dawuda ya kwashi kayansa ya shiga mota.

A hanya yana ta huci. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda Talle yake son ya sami komai cikin sauƙi. Ya yi ta'asa, ya sami takardunsa, ya yi aikinsa shekara uku, yanzu kuma a ƙarshe yana so a zo a ɗora masa hannu a ce an gafarta masa, shi ke nan ya tafi fes. Ita kuwa Mama Kyauta tana can a Wusasa tana soya ƙosai a bakin titi da tsufanta. Dawuda ya ce a ransa wannan ba adalci ba ne. Ya yanke shawara ba zai je ba, kuma ba zai faɗa wa kowa ba, don ya san halin Lailatu. Lailatu ma'aikaciyar jinya ce 'yar Gombe, ita ce babba cikin matan taron. In ta ji, ko sa'a ɗaya ba za ta ƙara ba sai ta tafi.

Ranar Alhamis da rana yana wanke mota wayarsa ta yi ƙara. Mama Kyauta ce. Ta ce Talle ya kira ta da wayar Buraima, da ƙyar ake jin muryarsa, ya roƙe ta gafara, ta kuma ce masa ta yafe tun tana cikin jirgi. Ta yi masa addu'a ta waya, amma mai ciwo yana bukatar hannun da zai riƙe nasa. Ta ce Dawuda ya tashi ya je yau.

Ya ce mata ita ta yafe, wannan ruwanta ne, amma shi bai yafe ba. Ya ce ai irin wannan sanyin nata ne ya sa aka raina su. In kowane maci amana ya san da zarar ya yi tari za a ruga a rungume shi, me zai hana gobe wani ya sake?

"Dawuda," in ji ta, muryarta ta yi kauri yadda bai taɓa ji ba, "ni aka kora ko kai?"

"Ke ce, Mama. Shi ya sa."

"To wa ya naɗa ka mai riƙe mini fushi? Ni na ajiye, kai ka sunkuya ka ɗauka. Mutumin da ke wanke Talle yanzu, wa ya karya masa ƙafa?"

Ya ce wannan daban ne. Shi kuskure ya yi, kuma ya koma da ƙafarsa ya tuba. Talle da gangan ya yi.

Ta ce ba da ƙafarsa ya koma ba, ita ta ja shi, kuma a ƙofar asibitin ma sai da ta riƙe masa riga don kada ya juya. Ta ce in ya manta ita ba ta manta ba. Ta ce Ubangiji bai jira ya ga wanda ya cancanta ba kafin ya ba da ransa, da ya jira da babu wanda zai tsira, har ita. Maganar ta soki Dawuda. Babu wanda ya taɓa tuna masa zancen riƙe riga, shi kansa ya daɗe da cire shi daga cikin shaidarsa. Ya ce mata ana kiransa a ofis, ya kashe wayar. Ta sake kira sau biyu bai ɗauka ba.

Washegari Juma'a ya kwaso 'yan'uwa kamar kullum. Ya yi wa'azi a kan tsarki, ya yi ta faɗa a kan mayaudara da masu baki biyu, har zufa tana keto masa. Lokacin addu'a Lailatu ta ce a tuna da waɗanda suka daina zuwa. Ta ce kwanan nan Talle yana yawan faɗo mata a rai, ko akwai wanda ya ji labarinsa? Dawuda ya dube ta ido cikin ido ya ce bai san inda yake ba, ba ya kuma son ya sani. Ya ƙara da cewa wanda ke kewar Talle ya je ya neme shi, amma kada ya sake tsayawa jiran bas ɗinsa. Lailatu ta sunkuyar da kai.

A makon da ya biyo baya Buraima ya kira shi kullum, bai ɗauka ba. Ranar Talata ya je Utaiƙa, ya ajiye mota a ɗaya ɓangaren kasuwar, ya yi sayayyarsa a can. Da zai fita, hanya ta bi da shi ta bakin lungun nan. Ya rage gudu. Ya hango ƙofar ƙarfe a buɗe, an shanya wani tsohon bargo a kan igiya. Wani abu ya ce masa ya tsaya. Ya tuna akwatin Mama Kyauta a filin jirgi, ya cije leɓe, ya wuce.

Juma'a ta sake zagayowa. Da hantsi ya iso gidan man da bas, 'yan'uwa tara suna tsaye a inuwa. Yana buɗe musu ƙofa sai ga tasi ta tsaya a bayansa. Buraima ya fito da ƙyar, yana dogara sanda, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya san wurin ne domin Dawuda da kansa ya taɓa yi masa kwatance yana alfahari da yawan mutanen da yake ɗauka. Bai yi sallama ba. Dawuda bai taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ya rasu jiya da la'asar," in ji Buraima. "Ku ne mutanen nasa?"

Lailatu ta matso ta tambaye shi wa ya rasu. Ya ce Talle. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu wanda ya san zancen, sai ya gane abin da ya faru. Ya juya ga Dawuda.

"Ashe ba ka gaya musu ba."

Dawuda ya ce su shiga mota a yi magana a ciki, mutane suna kallo. Buraima ya ce a nan zai yi ta. Ya ce kwana tara mutumin nan yana kallon ƙofa. Duk motar da ta tsaya a lungu sai ya yunƙura ya ce ga shi nan. Ya sa an yi masa aski, ya sa an canza masa riga, wai kada 'yan'uwa su same shi da ƙazanta. A rana ta ƙarshe ya so ya yi wata waƙa tasu, numfashi ya ƙi, ya roƙi Buraima ya taya shi, shi kuwa bai san ko kalma ɗaya ba. Sai dai ya riƙe masa hannu yana ce masa Allah mai rahama ne.

"Ni ba addininku nake bi ba," in ji shi. "Amma shekara biyar kana zama a bencina kana gaya mini Ubangijinku kyauta yake bayarwa, ba ya duba cancanta. In haka ne, wa ya ba ka ikon hanawa? Naka ne?"

Dawuda ya buɗe baki zai kawo zancen Mama Kyauta, Lailatu ta tare shi. Idanunta sun kaɗa sun yi ja. Ta ce makon jiya ta tambaye shi a gaban kowa, a tsakiyar addu'a, ya dube ta ya ce bai sani ba. Ta ce in shi ba ya iya zuwa, wannan tsakaninsa da Allah ne, da sun yi masa uzuri. Amma saƙon ba nasa kaɗai ba ne, nasu ne su duka, ya danne. Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, ta san yadda mai ciwon huhu yake fama a ƙarshe, akwai abubuwan da za ta iya yi masa ya sami sauƙin numfashi. Ya hana Talle, ya kuma hana su.

Ya ce don ya kare su ya yi, mutumin da ya tona sau ɗaya zai iya tonawa sau biyu. Wani dattijo cikinsu mai aikin gadi, wanda bai cika magana ba, ya ce masa ya yi shiru haka nan, kada ya ƙara ƙarya a kan gawa.

Babu wanda ya shiga bas ɗin. Suka tare tasi biyu, suka sa Buraima a gaba, suka nufi asibitin da aka ajiye gawar. Dawuda ya tsaya shi kaɗai a gidan man, ƙofar bas a buɗe. Har a lokacin fushi yake ji. Ya ji haushin Buraima da ya tozarta shi a bainar jama'a, ya ji haushin Lailatu, ya ji haushin Talle da ya mutu ya bar masa wannan abin kunya. Ya shiga ya zauna, ya kunna mota ya kashe. Ya daɗe a haka. Ya yi ta neman wanda zai ɗora wa laifin, duk wanda ya ɗauko sai ya ga ba ya zama. Can dai ya tayar da motar ya bi bayansu.

A asibitin ana neman ɗan ƙasarsu mai cikakkun takardu wanda ya san mamacin tun daga gida, ya shaida gawar. Duk cikinsu shi kaɗai ne ya san ƙauyensu Talle da sunan mahaifinsa. Ma'aikaci ya shiga da shi ɗakin sanyi, ya ja mayafi. Da ƙyar ya gane shi. Mutumin da ya sani kakkaura ya koma ƙashi da fata, sai sabon askin nan a kansa. Dawuda ya sa hannu a takarda, ya fito.

Buraima yana zaune a benci a baranda, 'yan'uwa suna kewaye da shi. Ya zaro wayarsa ya miƙa wa Dawuda. Ya ce matar mamacin tana ta kira tun safe, bai ɗauka ba. Shi ya yi jinya, ya rufe masa ido, ya ɗauki rabonsa. Wannan kuma na Dawuda ne.

Ya karɓa ya matsa gefe, ya danna lambar. Bugu ɗaya Biba ta ɗauka. Da ta ji wanda ke magana sai muryarta ta washe, ta ce an gode Allah, Baban Hajar, wato maigidanta, ya ce mata Yaya Dawuda zai zo, ashe ya zo. Yaya jikin nasa?

Ya faɗa mata. Ta yi kuka mai tsawo, yana jin yara suna tambayarta me ya faru. Ya tsaya riƙe da waya a kunne. Da ta ɗan natsu sai ta ce abu ɗaya take so ta ji, in ta ji hankalinta zai kwanta. Ta ce shekara uku maigidanta bai yi barci mai daɗi ba saboda abin da ya yi wa tsohuwar nan, kullum yana cewa ya raba kansa da jama'ar Allah.

"Yaya Dawuda, kun yi masa addu'a? A hannunku ya cika?"

Ƙarya ta zo masa har bakin harshe, kuma ya san za ta yi mata daɗi. Ya ɗaga kai ya ga Buraima da Lailatu suna kallonsa.

"Ya aiko a kira ni," in ji shi. "Ban je ba. Ban kuma faɗa wa kowa ba."

Sannan ta tambaye shi a hankali ko nisa ne ya yi yawa.

Ya ce a'a, babu nisa.

Ta kashe wayar.

'Yan'uwa suka yi ɗawainiyar mayar da gawar gida, suka kuma sami wani wurin taruwa. Ba su kore shi ba. Bayan wata biyu Lailatu da kanta ta kira shi ta yi masa kwatance, ta ce har yanzu ranta a ɓace yake, amma ba za ta yi masa abin da ya yi wa Talle ba. Yakan je ya zauna a baya kusa da takalma. Bai sake yin wa'azi ba. Ya rubuta wa Biba wasiƙa sau uku yana neman gafara, har ya bar Riyad bai sami amsa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, alherin Allah kyauta ne, babu wanda ya same shi don ya fi wani kirki. Wanda aka yafe wa, an ba shi ne domin shi ma ya yafe, wanda aka karɓa kuma domin ya karɓi wani. Fushin Dawuda yana da dalili, gama an zalunci wadda yake ƙauna. Amma ya manta yadda shi kansa ya tsira, ya ɗauki kyautar Ubangiji kamar ladan aikinsa, ya mai da kansa mai zaɓen wanda za a ba da wanda za a hana. Ya kai mai karatu, idan akwai wanda ke neman gafararka, ko wanda ke jiran ka kai masa ta'aziyyar da kai ma aka kawo maka, kada ka tsaya auna ko ya cancanta, domin kai ma ba a auna ka ba. Ka tashi ka je tun yana da rai.